Motar Lantarki a Cikin Kano da Kan Hanyar Abuja

Watanni kaɗan da suka wuce, yayana da yake kasuwanci a Kantin Kwari kuma yake zaune a Rijiyar Zaki ya tambaye ni ko ina ganin ya sayar da motarsa ya sayi mai amfani da lantarki. Kuɗin mai ne ya kai shi ga wannan tunani, domin shi ba mutum ne mai ɗokin sabon abu ba. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Magidancin da yake kai yara makaranta da safe, ya wuce kasuwa, ya dawo bayan magariba, ya san nauyin wannan a aljihunsa ba sai an karanta masa jarida ba. Na ce masa, "Yaya, ka ba ni lokaci in yi lissafi, kada in ba ka shawarar da za ta jawo maka asara." Cikin ikon Allah wani abokin aikina yana da irin wannan mota, ya kuma ba ni aronta na mako guda, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa da lissafin takarda da abin da na gani da idona.

A cikin gari motar ta ba ni sha'awa ƙwarai, kuma ba zan ɓoye hakan ba. Wanda ya saba tsayuwa a cunkoson Kabuga ko na Ƙofar Nassarawa da tsakar rana, inji yana ci, mai yana ƙonewa, mota ba ta motsi, zai fahimci darajar motar da idan ta tsaya ba ta cin komai sai ɗan abin da na'urar sanyaya ciki take ja. Har ila yau duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin yakan juya ya zama kamar janareta, ya mayar wa batir wani kaso na ƙarfin da aka kashe wajen tashi. Wannan ya sa tuƙin tsaya-tafi, wanda shi ne ya fi cinye man motar fetur, shi ne ya fi yi wa motar lantarki sauƙi. Babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, babu salansa, birki kuma yakan daɗe bai cinye ba tunda injin ne yake yin yawancin aikin rage gudu.

Lissafin kuɗin ma a fili yake. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, kuma yunit ɗin nan shi ne dai wanda muke saye a mitar gida. Yayana yana yin kamar kilomita 40 a rana, wato yana buƙatar yunit 7 ko 8 idan aka haɗa da abin da yake salwanta wajen caji. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin wutar rukunin A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauke shi zuwa naira 200 da 'yan kai. Ko a wannan farashi mafi tsada, tafiyarsa ta yini ba za ta kai naira 2,000 ba. Motarsa ta yanzu kuwa tana shan kamar lita huɗu a wannan zirga-zirga, wanda ko an sayi lita a naira 900 ya kama naira 3,600. Ragin ya kai rabi, kuma a shekara kuɗi ne da za a iya biyan makarantar yaro da shi.

Sai dai wannan lissafi gaba ɗaya ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, wato a sami wuta a inda motar take kwana. Soket ɗin bango na gida yana ba da abin da bai wuce yunit biyu zuwa uku a awa ba, saboda haka cike gurbin tafiyar yini yana buƙatar awa uku ko huɗu na wuta mai ƙarfi, cika batirin da ya kusa ƙarewa kuma yana iya cin fiye da yini guda. Ana iya kafa na'urar caji ta musamman mai ba da yunit 7 a awa, amma tana son wayoyin gida masu kauri da taransifomar unguwa da ba ta gaji ba. A makon da na riƙe motar, dare biyu ne wutar ta zo da rauni har cajin ya riƙa yankewa, na tashi da asuba na tarar abin da ya shiga bai kai rabin abin da na sa rai ba. Ban rasa zuwa aiki ba, domin batirin yana da sauran da zai ɗauke ni kwanaki, kuma wannan ita ce fa'idar da ba a cika ambata ba: wanda yake yin kilomita 40 a rana da motar da take kai 300, ba ya buƙatar wuta kullum, yana buƙatar ta sau biyu ko uku a mako. Amma dukanmu muna tuna watan Oktoban 2024, lokacin da lalata manyan layukan da suke kawo wuta Arewa ya bar Kano da jihohin maƙwabta cikin duhu fiye da mako guda. A irin wannan hali batirin da ya fi kowane girma ma sai ya ƙare.

Mutane sukan ce ai akwai janareta. Na zauna na lissafa wannan, sakamakon kuma bai yi mini daɗi ba. Ƙaramin janaretan fetur yana fitar da abin da bai kai yunit biyu ba daga lita ɗaya, wato yunit 8 na yayana zai ci lita huɗu ko biyar, daidai da abin da tsohuwar motarsa take sha ko fiye. Wanda zai dogara da janareta wajen caji ya sayi mota mai tsada ne kawai ya ci gaba da biyan kuɗin mai ta wata ƙofa. Sola ta fi ma'ana nesa ba kusa ba, domin rana ba ta yi mana rowa a Kano, kuma faifai huɗu ko biyar manya za su iya samar da yunit 8 a yini idan ana share musu ƙura, musamman lokacin hunturu. Matsalar ita ce lokacin da rana take bayarwa motar tana kasuwa, lokacin da motar ta dawo gida kuma rana ta faɗi. Dole ke nan a tara wutar a batirin gida da rana a juye ta cikin na mota da dare, wanda yake nufin ƙarin batir da babbar inbata, kuɗinsu kuma ya shiga cikin farashin motar ko da dillali bai faɗa ba. Ma'aikacin da ofishinsa yake da filin ajiye motoci da rufin sola ya fi ɗan kasuwar Kwari sa'a a nan, shi da wurin ajiye motar ma sai ya nema.

Akwai kuma zafi, wanda na ɗauka shi ne abin da mai sayen tsohuwar mota ya fi kamata ya ji tsoro. Batirin litiyam yana tsufa da wuri idan yana yawan zama cikin zafi, musamman idan an cika shi fal an bar shi a rana, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Nissan Leaf ta farko, mai batirin yunit 24 wanda ba shi da ruwan sanyaya shi, ta sha ƙorafi a jihar Arizona ta Amurka tun 2012 saboda yadda batirinta ya riƙa raguwa da sauri, kuma irinta ce take da arha a kasuwar tsofaffin motoci. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, amma motar da ta shigo mana 'yar gwanjo sau da yawa ta cinye wannan wa'adi kafin ta sauka daga jirgi. A motar fetur bakanike yana sauraron inji ya gaya maka gaskiyarsa, idan ya lalace kuma kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa tana nan. Lafiyar batir kuwa sai an jona na'ura an karanta, kuma wutar da take cikinsa ta kai ɗaruruwan bolt, tana iya kashe wanda ya taɓa ba da sani ba. Kan caji ma ba iri ɗaya ba ne: motar da aka yi don kasuwar Sin, da ta Japan, da ta Turai, da ta Amurka, kowacce da bakinta, mai saye kuma ya wajaba ya tambaya tun kafin ya biya.

Doguwar tafiya ita ce inda na ja baya. Daga Kano zuwa Abuja kusan kilomita 430 ne. Hyundai Kona da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka ƙaddamar a 2020 tana da batirin yunit 64, a takarda kuma tana kai kilomita 480 da 'yan kai, wanda zai sa mutum ya ɗauka za ta isa. Amma waccan ƙididdiga ba a gudun babbar hanya aka yi ta ba. Yawan gudu yana ƙara tirjiyar iska, sanyaya ciki yana ci, lodin iyali da kaya yana ci, saboda haka mai gudun 120 zai ga alƙaluman suna sauka da sauri tun bai kai Mararrabar Jos ba. A ƙasar da take da caji mai sauri a bakin hanya wannan ba damuwa ba ce, domin tsayuwar minti 40 zuwa awa ɗaya tana mayar da batir kashi 80 cikin 100, kuma mu dama muna tsayawa a Zariya ko Kaduna mu yi sallah mu ci abinci. Da a ce akwai na'urar caji mai aiki a inda muke tsayawar, da tafiyar ba ta ƙaru da komai ba. To amma wuraren caji na jama'a a Najeriya kaɗan ne, akasarinsu kuma a Legas da Abuja suke. Idan fetur ya ƙare wa mutum a Katari ko Jere, ɗan bumburutu zai kawo masa galan ɗaya ya tashi. Idan batir ya ƙare, sai motar janwe, kuma wannan hanya ce da babu mai son dare ya same shi a gefenta da iyali a cikin mota. Hanyar Maiduguri ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu ta kusa kilomita 600, ba ma a fara maganarta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne irin tafiye-tafiyen da muke yi. Tsarin motar lantarki yana son mutumin da ya san gobe zai yi tafiya, ya cika batir tun dare. Mu kuwa tafiyarmu mafi muhimmanci ba ta sallama. Waya ce za ta shigo bayan sallar asuba a ce an yi rasuwa a Daura ko Malumfashi, jana'iza ƙarfe goma, ba kuma za a jira kowa ba. Mai motar fetur zai tsaya gidan mai minti biyar ya kama hanya. Mai motar lantarki da batirinsa ya kwana da kashi 30 cikin 100 saboda ba a kawo wuta ba, sai dai ya nemi aro ko ya nufi tasha. A gidan da mota ɗaya ce take ɗaukar zuwa aiki, da kai mara lafiya asibiti da tsakar dare, da ɗaurin aure a wani gari, da zuwa ƙauye da Sallah, wannan rashin tabbas ya fi rarar kuɗin mai nauyi a wurina.

Ana yawan kawo misalin Norwe, inda kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, da Habasha da ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a shekarar. Ƙasashen biyu suna da wuta mai arha daga madatsun ruwa, abin da ya kamata a riƙa faɗa tare da misalin. Ni na fi samun ƙwarin gwiwa daga abin da yake kusa da mu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa ya buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya riƙa cire injinan ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki suna jigilar fasinja a cikin gari. Wannan shi ne aikin da fasahar ta fi dacewa da shi a yanzu: abin hawa mai hanya sananniya, mai yawan kai-komo, wanda yake komawa wuri ɗaya ya yi caji. Direban adaidaita sahu da yake sayen mai kullum kafin ya haɗa balas zai ci moriyarta fiye da mai motar gida, kuma hayaƙin da muke shaƙa a Bata da Sabon Gari zai ragu da kowace guda da aka sauya.

Da na mayar da motar, na je gidan yayana bayan isha'i na shimfiɗa masa duk wannan. Na ce masa idan zai iya riƙe tsohuwar motarsa saboda tafiya ya ƙara ta lantarki saboda cikin gari, kuma ya sami mai lafiyayyen batir da ake sanyaya shi da ruwa, to ban ga laifi ba, zai ma ji daɗinta. Idan kuwa sai ya sayar da wannan zai sayi waccan, na fi son ya duba mai haɗa fetur da batir irin su Toyota Prius, wadda ba a jona ta a bango amma tana rage shan mai sosai a cunkoso. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya kira babban ɗansa ya ce ya samo littafi, daga daren nan ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, har tsawon wata biyu, a haɗa da kwanakin da ta zo ba ƙarfi.