Mai gurasar layinmu ya rufe tanda

Tun da na zo Islamabad karatu, babu abin da ke rage min kewar gida kamar gurasar da wani ɗan Afghanistan ke gasawa a bakin layinmu. Da zafinta nake saye, in barbaɗa ƙuli-ƙulin da Inna ta ɗaure min. A Peshawar aka haifi mutumin. Mahaifinsa ne ya tsallako bayan sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga ƙasarsu a 1979. Shi ko Kabul bai taɓa takawa ba, ga 'ya'ya har sun tasa, amma duk da haka ɗan gudun hijira ake ce masa.

A watan Oktoban 2023 gwamnatin Pakistan ta ba duk baƙon da ba shi da takardu wa'adin ficewa kafin 1 ga Nuwamba. Ana cikin wannan muka shiga mota ɗaya da shi, 'yan sanda suka tsayar da mu a shinge. Da na ga idonsu a kaina sai gabana ya faɗi, don baƙin mutum ɗaya ne a motar, ni ne. Na miƙa fasfo. Ɗan sandan ya duba biza, ya yi murmushi, ya tambaye ni ƙwallon ƙafar Najeriya, ya miƙo min. Shi kuwa mai gurasa ya fito da katin PoR, katin rajistar 'yan gudun hijira da aka fara bayarwa wajen 2006, aka ce ya sauko. Suka tsugunar da shi a gefen titi, mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, suna juya katin suna cewa wa'adinsa ya ƙare. Direba ya ja mota, ina zaune. Kunyar wannan zaman ba ta bar ni ba har yau.

Abin da ya fi ci min rai shi ne dokar zama ɗan ƙasa ta Pakistan ta 1951 ta ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, sai dai ba a aiki da ita a kan 'yan Afghanistan. Imran Khan, firaministan lokacin, ya yi musu alkawarin zama 'yan ƙasa a 2018, 'yan siyasa suka yi caa, magana ta bi ruwa. Ƙasar kuma ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba, saboda haka zamansu a hannun gwamnati yake, ta ga dama ta ƙara wa katin wata shida, ta ga dama ta yi shiru. An saki mai gurasar da daddare, amma matarsa ba ta da ko wannan katin. Bayan 'yan makonni suka ɗaure kaya suka nufi iyakar Torkham, mashigar Afghanistan.

Fasfon nan namu da muke ƙorafi a kansa a filin jirgi, wallahi ranar na ji alfahari da shi. Ko an kore ni, ina da inda zan dosa, akwai masu cewa sannu da zuwa.

Da na ba Inna labari a waya, cewa ta yi, "To mu ma ai ga shi." Lokacin iyakar Jibiya a rufe take saboda juyin mulkin Nijar, Kawu ya rasu a Maraɗi, ba ta samu zuwa gaisuwa ba sai ta waya. Kakarmu haifaffiyar can ce, aure ya kawo ta Katsina, ba ta taɓa riƙe takardar kowace ƙasa ba, kuma babu wanda ya taɓa ce mata baƙuwa. Daga nan hira ta koma kan ƙanwata, wadda aka rubuta mata shekarar haihuwa ba daidai ba a lambar NIN, ga rajistar JAMB ta gabato. Inna ta ce Baba ya gaji da zirga-zirga, ƙafarsa ma ta sake kumbura, in duba ko zan iya turo wani abu kafin ƙarshen wata. Na ce mata to.