Mako na shida: freygish ya zauna, bulgar yana gardama

'Yan uwa masu koyon klezmer, kiɗan gargajiyar Yahudawan Gabashin Turai, ga inda aka kwana. Jerin sautin freygish daga D ya fara zama a kunne: D, E♭, F♯, G, A, B♭, C. Armashinsa duk yana tsakanin E♭ da F♯, tazarar mataki ɗaya da rabi. Masu goge suna tauye ta, domin yatsa na biyu ya saba zama kusa da na farko, sai F♯ ya fito a kasalance. A sa mai akodiyon ya riƙe D, sauran su ja sautuka ukun farko a hankali na minti 5 kafin a taɓa wata waƙa. Masu kalanet ɗin B♭ su tuna yatsunsu mataki ɗaya suke sama da namu: E, F, G♯, A, B, C, D.

Masu rakiya, haɗin sauti uku sun wadatar: D-F♯-A, G-B♭-D, da C-E♭-G. Hannun da ya saba da kiɗan Turai yakan kai wa A-C♯-E kafin rufewa. A bar shi. Babu C♯ a jerin nan, haɗin C-E♭-G ɗin ne ke mayar da waƙa gida.

Bulgar, wani salon kiɗan rawa na klezmer, shi ne ke wargaza mu. Ƙirga takwas ne, a rabe 3, 3, 2, nauyi a kan 1 da 4 da 7, alhali bas yana tafiyarsa daidai ba ya karkata. Matsalar tana wajen biyun ƙarshe: gajeru ne, mutane suna hanzarin wuce su, kafin a zagayo sau huɗu gudu ya ƙaru, masu busa sun rasa wurin numfashi. A ajiye kayan kiɗa tukuna. A rabu gida biyu, rabi su taka ƙafa a 1, 3, 5, 7, rabi su tafa a 1, 4, 7, sannan a yi musanya. Na'urar ƙirga bugu ta tsaya a bugu 80 a minti, kada a ƙara sai an yi zagaye 16 ba tuntuɓe. Wannan kiɗan bikin aure ne na Yahudawan Gabashin Turai, in ba za a iya taka rawa da shi ba to gudun ya yi yawa.

Krekhts, wato sheshshekar nan da ke katse sauti, an fara zuba ta kamar gishiri a hannun sabuwar amarya. Biyu a jimla ɗaya sun isa. A goge, yatsa na huɗu ne ke taɓa tsirkiya ya tsinke sautin nan take. Takarda ba ta nuna wannan, sai kunne. A nemi faifan Naftule Brandwein da na Dave Tarras, mashahuran masu busa kalanet, da aka naɗa a New York a shekarun 1920, a rage gudunsu zuwa rabi. Wani tsohon faifan ba ya dacewa da A 440, ma'aunin da ake daidaita kayan kiɗa da shi a yau, kada ku zargi kayanku.

Aikin gida: kashin farko na bulgar ɗinmu, a rera shi da baki har a haddace, sannan a ɗauki kayan kiɗa.