Ranar da na ɗaye hoto a Enschede

Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga Amsterdam da sassafe, kuma sai da muka shafe kimanin sa'o'i biyu muna ratsa gonaki da magudanan ruwa kafin muka isa Enschede, wani gari a gabashin ƙasar Holan daura da iyakar Jamus. A garin akwai masana'antar fim ɗin Polaroid, wadda ta kusa rufewa a 2008 lokacin da kamfanin ya daina yin fim mai fitar da hoto nan take, har sai da masu wani kamfani mai suna Impossible Project suka karɓe ta suka ci gaba da aiki. Daga waje kawai na kalli ginin, domin wanda zan gani wani dattijo ne mai ɗakin wankin hoto a bayan gidansa, wanda zai koya mini yadda ake ɗaye fatar hoton Polaroid a mayar da ita kan takarda.

Ya miƙo mini wani hoto mai launi, ya sa na yanke farin gefensa da almakashi, na raba ledar gaba da baƙin bayan, sannan na tsoma a faranti mai ruwan ɗumi. Ba a jima ba sai fatar hoton ta fara saki, tana yawo a ruwan kamar yanar da ke kwantawa a kan kunu idan ya huce. Abin mamaki, duk da cewa a duhu aka saba wankin hoto, wannan aiki ba ya buƙatar duhu ko kaɗan, tunda hoton ya riga ya fito. Da burushi mai laushi na share farin maganin da ya manne a bayanta, na mayar da ita cikin ruwan sanyi, na zura takarda mai kauri ta ƙarƙashi.

A nan ne garaje ya ci ni, domin na ja gefe guda da ƙarfi, sararin samaniyar da ke cikin hoton ya yage. Dattijon bai damu ba. Ya nuna mini nasa da ya shimfiɗa a kan gilashi da katako da dutse, kowanne da tamojinsa, kuma a ganina tamojin nan ne ya fi ainihin hoton kyau. Ya ce a da da fim ɗin Polaroid 669 yake yi, wanda ke son ruwa mai zafi sosai, amma yanzu ya yi wuyar samu.

Na kama jirgin yamma da takardata tsakanin kwali biyu, ba ta gama bushewa ba.