Asabar: ranar allo da ƙafafu

Da na san yau ranar ƙafa ce a horon iyo, wallahi da na ƙirƙiro ciwon kai. Ƙarfe shida da rabi na baro Mabera a kan mashin ɗin Yaya, don Koci ya ce duk wanda ya iso bayan bakwai ya koma gida. Yana da gaskiyarsa. A watan Afrilun nan, ƙarfe goma na yi simintin bakin ruwa ya fi ƙarfin tafin ƙafa, kuma masu otal ɗin da muke iyo a ruwansa sa'o'i biyu kacal suka yarje mana kafin baƙinsu su farka.

Mu bakwai ne. Muna gama ɗumama jiki sai ya zube allunan soson nan a gabanmu, ya ce yau hannu hutu yake. Ka riƙe allo, ka miƙe, ƙafa kaɗai za ta kai ka bango. Na yi murmushi a raina. Ni da na taso ina tsallaka gulbi a Kwalkwalawa in mun je gidan kakanni, ga shekara shida ina tsaron baya a ƙwallon unguwa, cinyata kamar turmi. Wa zai koya mini ƙafa?

Auta ne ya koya mini. Yaro ɗan shekara 12, sirit kamar sillen kara. Muka tashi tare, ina ta dukan ruwa, feshi har kan kujerun otal, na ɗago kai sai na hango shi ya taɓa bango ya juyo. Bayansa ba wani tashin hankali, ruwan ɗan tafasa kawai yake yi kamar tukunyar da ta fara zafi.

Koci ya tsuguna a bakin ruwa ya ce, "Kai, mi kaka yi haka? Keke kaka tuƙi ko iyo?" Sai ya sa na fito na zauna na miƙe ƙafafu, ya ce in tura yatsu gaba iyakar iyawata. Tafin ƙafata ya tsaya cak a rabin hanya kamar fartanya. Na Auta kuwa ya kwanta ya yi layi ɗaya da ƙwaurinsa. Nan matsalar take. Bayan ƙafa ne ke tura ruwa baya, to in idon sawu ya ƙage, ƙasa kake tura ruwan, wani lokaci ma gaba, kana taka wa kanka birki. Ƙwallo da gudu a busasshiyar ƙasa sun ba ni ƙarfi, sun kuma ƙagar da gaɓar. Abu na biyu, daga gwiwa nake harbawa. Ya ce motsin daga ƙugu yake tasowa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, ƙafa ta bi kamar bulala.

Na ce to ai a iyon rarrafe, wanda ake yi rub da ciki ana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya, hannu ne ke yawancin aikin, me ya sa za mu kashe safiya guda a kan ƙafa? Bai musa ba. Amma ya ce ƙafa ce ke ɗaga ƙugu sama, in ta mutu sai jiki ya nutse ta baya ka riƙa jan kanka kamar buhu. Kuma naman cinya babba ne, shi ya fi cin numfashi. Shi ya sa masu mita 1,500 da yawa ke harbi biyu kawai a zagayen hannu ɗaya, masu mita 50 da 100 kuma shida.

Da muka koma harbin ƙafa biyu a haɗe a ƙarƙashin ruwa, irin na kifi, sai ya ba mu labarin gasar Olamfik ta Seoul a 1988. Wani Ba'amurke, David Berkoff, ya riƙa yin fiye da mita 30 a nutse a iyon rigingine, ƙafa kaɗai, har aka sa doka. Yau mita 15 ne iyaka bayan tashi da bayan kowace juyawa. Ni dai mita shida na yi na ɓullo ina tari. In doka suke tsoron in karya, su kwantar da hankalinsu.

A zagaye na takwas sha-raɓata ta hagu ta ɗaure tamau. Na rungume allo kamar masuncin Argungu a kan gorarsa, ina ihu a hankali don kada yara su ji. Koci ya ja ni gefe, ya tura yatsun ƙafar sama har ta saki, ya tambaye ni ruwa nawa na sha tun safe. Ko kofi ɗaya ban sha ba. Mutum yana cikin ruwa sai ya manta yana gumi.

Aikin gida: in durƙusa in zauna a kan dugadugaina, bayan ƙafafu duka biyu a shimfiɗe a ƙasa, minti biyu safe da yamma. Bayan isha'i na gwada a tabarmar tsakar gida, ina cije baki. Inna ta fito da kwanon fura ta tsaya tana kallona.

"Wace salla ce wagga ba alƙibla?"

Na ce Koci ne ya sa ni. Ta ajiye kwanon nesa da inda hannuna zai kai, ta ce in na sallame in taso in ɗauka. Daƙiƙa arba'in na iya.