Talata, da mutumin Sharaɗa

Firintar ofishinmu na fansho ta ƙi aiki tun da safe, Oga kuma yana son takardun taro kafin ƙarfe goma. Sai da Malam Sani ya hau saman bene da filashi ya bugo mini. Dizal ya kusa ƙarewa, ni ce mai rubuta takardar neman kuɗinsa, ni ce mai bin sa hannu ofis-ofis. Wannan duk kun saba ji daga bakina.

Abin da ya hana ni sukuni yau wani bawan Allah ne da ya hawo wajen sha ɗaya. A ƙasa aka ce masa ya jira layi, wani a bakin get kuma ya raɗa masa cewa sai ya ga manaja magana za ta yi sauri. To teburina ne a ƙofar manaja, don haka a kaina ya sauka.

"Hajiya, manaja nake son gani."

"Yana taro, Malam. Me ke tafe da kai? Wataƙila ba sai an kai gare shi ba."

Ya zauna a bakin kujera, ya ciro wata leda baƙa daga aljihun gaba. Takardun albashi ne a ciki, an ɗaure su da kyauro, gefensu duk ya yi laushi don yawan taɓawa. A wata masana'anta ya yi aiki a Sharaɗa, an sallame su wata biyu da suka wuce. Shekararsa 44. Yana son a ba shi wani abu daga fanshonsa ya ja jari, ga mai gidan haya ya fara aiko yaro.

Ba aikina ba ne bayanin nan, amma wanda ya daɗe yana buga wasiƙun ofishin fansho ya haddace dokar ko bai so ba. Na ce masa dokar 2014 ta yarda wanda bai kai shekara 50 ba ya ciri kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa idan ya rasa aiki, amma sai ya cika wata huɗu bai samu wani ba. Saura wata biyu ke nan.

"Kuɗina ne fa, Hajiya. Ba bashi na zo nema ba."

Na ce na sani, Malam. Me kuma zan ce?

Don kada ya tafi hannu rabbana, na roƙi abokiyar aikina Maman Ilham ta fito masa da bayanin asusunsa. Da ta kawo, ba ta ce komai ba, ta dai ɗora yatsa a layin ƙarshe ta kalle ni. Kuɗi sun daina shiga tun bara. Na ɗauki takardun albashinsa na jera a gefe: kowane wata an cire masa kashi 8 ɗinsa cif. Ba a turo ba. Kashi 10 da ya kamata kamfanin ya ƙara daga aljihunsa ma babu labarinsa. Doka ta ce cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi a zuba kuɗin, wanda ya ƙi akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata. A takarda ke nan. Shi dai ga shi zaune yana bin layukan da yatsa, yana motsa leɓe, yana lissafin watannin.

Ina cikin rubuta masa abin da zai kawo, takardar sallama, takardar NIN, hoto, bayanin banki, da yadda zai kai ƙara PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, sai na ga ya tura wani abu ƙarƙashin sitefila. 'Yan dubu-dubu biyu ne, an naɗe su ƙanana.

"A sha ruwa, Hajiya."

Na mayar masa da bayan biro. Na ce wallahi Malam ko nawa ka ajiye a nan wata huɗu ba za su koma biyu ba. Ya yi shiru, ya ce, "Yi haƙuri. Na ɗauka shi ake jira."

Wannan maganar ce ta tsaya mini. Ban ji haushinsa ba. Mutum ya zauna a gabana kusan awa guda, ina ta ƙoƙari, ashe shi a ransa ciniki muke yi. Kuma ina ya koyi hakan in ba a tebura irin nawa ba? Wanda ya cinye masa kuɗi yana can bai san ana yi ba, wanda ya rubuta doka yana Abuja, fuskata ce kawai yake gani lokacin da aka ce a'a.

Oga ya fito zai wuce filin jirgi, ya miƙa wa baƙon nawa hannu, ya juyo ya ce mini, "A taimaka masa." Na ce to, Yallaɓai. Malam ya washe baki har da tashi tsaye. Ya sauka yana ta godiya, ya tafi da tunanin an gama. Ni kuwa na san ba abin da kalmar nan ta canza.

Abincin rana: ɗanwake, ya huce.

A adaidaita na buɗe waya na duba nawa asusun, abin da na daɗe ban yi ba. Ya shiga, har na watan jiya. Na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Abban yara ya ce in riƙa barin ofis a ofis. Shi da sauƙi, buhunan shinkafa ba sa zama su kalle ka.

Gobe zan tuna wa na sashen bin kamfanoni batun wasiƙar da za a aika wa masana'antar da ta sallame shi, in ba haka ba fayil ɗin zai kwana a tire har sati. Ga kuɗin dizal, ga ɗinkin Inna da tela ya ce Alhamis, kuma na san ƙarya yake.