Tambari ya ce 500 SL, ƙarfe ya ce 380

Jiya da la'asar na gano gaskiyar motar nan, kuma har yanzu raina bai huce ba. Ƴan'uwa masu bin harkar tsofaffin motoci, kun san tun watan jiya nake ta murnar samun Marsandi 500 SL, bodin R107, a wani gareji a Kaduna. To, ba 500 ba ce. 380 SL ce ta kasuwar Amurka, ƙirar 1982, wani ne ya yi mata kwalliya.

Dama abin da ya sa na daina leƙen na Jamus shi ne dokar hana shigo da motar da ta haura shekara 12, ga shi R107 ta ƙarshe ta fito ne a 1989. Ta kan iyakar ƙasa ma an rufe shigo da motoci tun farkon 2017, balle a ce a bi ta Kwatano. Sai dai mutum ya nemi wadda ta riga ta shigo tun zamanin da naira ke da daraja, ya riƙa kawo mata kayan gyara kaɗan-kaɗan. Shi ya sa da dillali ya yaye tamfol na ga tambarin 500 SL a kan but, ga bamba gajera, ga fitilun Turai masu faɗi, ban tsaya dogon bincike ba. Na ajiye rabin kuɗi nan take.

Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne agogon gudu. Iyakarsa mil 85 a awa. Na san motocin Amurka na farkon shekarun 1980 ne ke da wannan agogo, saboda wata doka da suka yi a 1979, kuma na san kamfanin bai taɓa sayar da 500 SL a Amurka ba. Dillali ya ce ai na ainihin ne ya lalace aka sa wannan. Na yarda, don ina so in yarda. Lambar da ke takardar mota kuwa da biro aka rubuta ta, ruwa ya taɓa cinye rabinta, ƙaramin farantin lambar shasi da ke jikin ginshiƙin gilashin gaba kuma babu shi, sai ramukan kusa guda biyu.

Kwana tara muna neman lambar shasi da aka buga a ƙarfen bodi. An yi wa ɗakin injin fenti har sau biyu, baƙi a kan ruwan toka, mai kauri kamar kunu. Na sa samfefa, tsohon bakaniken da muke aiki tare ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, a hankali, in ka cinye lambar ba mai dawo maka da ita." Muka koma tina da tsumma da tsohon buroshin haƙori. Kullum bayan azahar ina duƙe da tocila a baki, harafi ɗaya ya leƙo yau, biyu gobe. Da W da D da B suka fito na yi hamdala, ina jiran in ga 107046 a bayansu, lambar 500 SL ta Turai ke nan. Sai ga BA45, lambar 380 SL ta Amurka. Na goge, na sake gogewa, ko 5 ɗin za ta zama 6. Ta ƙi. Harafi na goma kuma C ne, wato 1982.

Duk da haka ban saduda ba, na ce wataƙila an ɗora mata injin 500. Lambar injin tana can baya, kusa da inda ya haɗu da giyabos, ido ba ya kaiwa. Da madubin babur da kyamarar waya muka karanto ta. Da 116 ta fara, wato injin 380, ba 117 na 500 ba. Daga nan komai ya fito fili. 

Bambancin ba na suna ba ne kawai. Ta Turai tana da ƙarfin doki wajen 230 zuwa 240, wannan 155. Kuma 380 ta Amurka daga 1981 zuwa 1983 ita ce mai sarƙar taimin layi ɗaya, wadda in ta saki ko robar da ke riƙe ta ta karye, fistin ya haɗu da bawul, injin ya tashi aiki. Mun buɗe murfin saman injin da safen nan: layi ɗaya ce, robar ta koma ruwan ƙasa, na taɓa ta da farce ta ɓantare. Kuma a haka na yi ta zagaya unguwa da ita ranar gwaji, har ina taka mata wuta!

Inda ya fi yi mini ciwo shi ne gasket. Tun kafin in tono lamba na yi odar cikakken saiti na injin 117 daga Jamus. Da aka haɗa kuɗin jirgi da fito da harajin kashi 7.5 da ladan ejan, sai da ya kusa ninka farashinsa. Yana nan a kwali, ramin fistinsa ya fi na injina faɗi, mayar da shi kuma wata asarar ce. Duk mai 500 ta gaskiya da ke buƙata ya yi magana.

Magadan mai motar mutanen kirki ne, su ma haka suka taso suka gan ta. Da na nuna musu hotunan lambobin sun rage kuɗin sosai, na kuma amsa zan ɗauka, domin ƙasan bodin lafiya lau yake, tsatsar da ke cin gindin gilashin gaba ma ba ta taɓa ta ba. Yanzu odar sarƙa mai layi biyu da haƙoranta da sababbin robobi ce a gabana, kuma a wannan karon lambar injin na tura wa mai kayan. Na cire batir na kai gida don kada yaran gareji su tayar da ita. Tambarin 500 ɗin ma na ɓalle shi da kaina ɗazu.