Haƙori 41 da haƙori 37

Alhamis, Damagaram.

Yau kat-kat ɗina, motata mai ja da tayoyi huɗu, ta fita daga gida da ƙafarta a karon farko, ta kuma dawo da ƙafarta, amma ga ni zaune abincin dare ya ƙi shiga.

Wata goma sha huɗu ke nan tana cikin rumfar da na kafa bayan ɗakinmu a Garin Malam. Shasin na tsohuwar Hilux ne, injin 3L mai shan gazuwal na ciro shi daga wata da ta yi hatsari, kujerun na Peugeot 504 ne, bodin kuma ni da mai walda muka haɗa da hannu. Uwargida haɗin gambiza take kiranta. Ni dai buƙatata mota mai kai ni ƙauyenmu a Damargu ba tare da na kwana ina tonon rairayi ba.

Bayan asuba muka cire iskar birki, ƙanena yana taka feda ina kwance ƙasa. Ƙarfe tara muka ɗauki hanyar Tanut. Da muka bar gari na sauka daga kwalta, na kulle tayoyin gaba, na sa karabo, wato giyar da ke sa tayoyin gaba da na baya su ja tare. Kai, a cikin rairayi sai ka ce raƙumi! Ƙanena har da ihu.

Da muka hau kwalta ne abin ya ɓaci. Na manta ban cire karabon ba, kuma a miƙe nake tafiya, babu kwana, amma sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka ƙii-ƙii, motar tana tirjewa kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwar Dole. Sandar karabon ta ƙi fita sai da na yi baya-baya.

Da azahar na aika aka kira Kawu. Shekarunsa na ƙuruciya duk a hanyar Agadas ya yi su, yana tuƙa manyan motoci. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, da ka sayo pon ɗin gaban nan, ka ƙirga haƙoransa?" Pon shi ne akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyi biyu, mai raba musu ƙarfi.

Na ce, "Kawu, mai kayan ya ce na Hilux ne."

"Ban tambaye ka sunan ubansa ba. Kawo jak da alli."

Muka ɗaga taya ɗaya ta baya, ɗayar tana ƙasa. Ya ja layin alli a jikin tayar, ya ja wani a jikin sandar da ke kawo ƙarfi daga giya. Ya ce in juya tayar sau biyu cif, shi yana tsugune yana ƙirga da yatsu. Sandar ta juya sau huɗu da rabi da ɗan ƙari. Muka koma gaba, muka yi haka nan: huɗu da ɗan kaɗan. Ban yarda ba, sai da muka zubar da man, muka kwance pon ɗin gaba da na baya duka biyun, na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, hannuna baƙi ƙirin. Na baya babban faranti haƙori 41, ƙarami 9, wato in an raba 4.56. Na gaba 37 da 9, wato 4.11. Ke nan duk juyi goma da tayoyin baya suka yi, na gaba suna neman yin sha ɗaya. Rairayi yana barin taya ta zame, shi ya sa na ji daɗi da safe. Kwalta ba ta bari, sai ƙarfe ya riƙa murɗa ƙarfe har wani ya karye.

Na so in ɗora wa mutumin Kanon da ya sayar mani laifi, amma bai yi ƙarya ba, na Hilux ɗin ne. Ni ne na tsaya duba tsatsa da yoyon mai na bar abin da yaro zai iya ƙirgawa.

Ƙanena zai shiga Kano ranar Asabar. Na rubuta masa 41 da 9 a takarda, na sake turawa a wayarsa, na ce ya ƙirga a gaban mai shagon kafin ya zaro kuɗi. Da na leƙa rumfar bayan la'asar, uwargida ta riga ta shanya zannuwanta a kan bodin.